Kande Mai Ƙuli da Ƙwayar da Ba a Rabawa

Da sunan Allah nake buɗe baki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu.

In dai mutum ya taɓa cin kasuwar Wudil ranar Juma'a ya sayi ƙuli, irin siririn nan mai garɗi da ba ya karya haƙori, to da wuya in ba na Kande ya ci ba, ko da bai san sunanta ba. Ita ba ta ma zuwa kasuwar. Masu sari ke binta har gida tun ranar Alhamis da yamma, su kwashe ƙulin, su kwashe man. Gajeriya ce, baƙa, mai faɗin kafaɗa, hannuwanta kamar na maƙeri saboda matsar tunkuza. Ba ta da yawan magana. Mai maganar ita ce ƙawarta Talatu, kuma babu yadda za a yi a ba da labarin Kande a tsallake Talatu.

Su biyun 'yan ƙauyen Utai ne. Kande duk maza ne a gabanta, shi ya sa ma aka sa mata Kande, ta tashi ba ta da 'yar'uwa mace. Talatu kuwa 'yar maƙwabta ce. Wata rana suna ƙanana, kakar Kande ta dafa ƙwan zabo ɗaya tal, tana ɗagowa ta ga yara biyu sun zuba mata ido. Sai ta miƙa wa Kande ta ce, "Ke raba. Ke kuma Talatu, ke za ki fara ɗauka. In mai rabon ta yi son kai, kanta ta cuta." Tsohuwa ta faɗa ne kawai don kar a cika mata kunne da kuka. Su kuwa suka riƙe maganar kamar karatun allo.

Tun daga ranar, duk abin da ya faɗo hannun ɗaya sai an raba. Rake, goro, sabulu, turmin atamfa, naman layya. Allah cikin ikonsa kuma aure ya kawo su cikin Wudil, gida na jikin gida, katanga ɗaya ce tsakani. Wata damina katangar ta zube ta wajen madafi. Mazan suka yi ta cewa za su gyara, za su gyara, har Allah ya karɓi abinsa su biyun, Allah ya jiƙansu, ba a gyara ba. Aka rataya asabari a wurin, ya zama ƙofa. Ta nan koko ke wucewa da safe, ta nan garwashi ke wucewa, ta nan suka yi renon 'ya'yan juna. Sana'ar ma tare suke yi: Talatu ta soya gyaɗa ta fece, Kande ta juya a turmi ta matse mai, sannan su zauna su murza ƙuli.

Lokacin da surukin Kande ya dawo daga aikin Hajji ya kawo mata zamzam a 'yar kwalba, da murfin kwalbar aka riƙa awo, murfi gare ki, murfi gare ni. Matan unguwa kan tsokane su, su ce, "To in aka ba ku allura fa?" Talatu ta ce, "Sai ta ɗauki tsinin, ai ita ce mai sukar mutane da ido. Ni a bar min kafar."

Haka suka tsufa.

To, wata safiya bayan an tuge gyaɗa, aiki ya yi yawa, suna zaune suna murza ƙuli, sai tunkuzar ta suɓuce daga hannun hagun Kande. Ta kai hannu za ta ɗauka, hannun ya ƙi zuwa. Ta buɗe baki za ta ce, "Ƙawa, kin ga hannuna," sai ta ji harshen ya yi mata nauyi kamar ta cika baki da tuwo. Talatu ta dube ta, ta ga bakin ya karkace gefe guda, ta kama salati tana tofa mata duk abin da ta sani. Kafin azahar hannu ya dawo, baki ya daidaita, kamar ba a yi komai ba. Kande ta ce iska ce ta buge ta, a ci gaba da aiki.

Amma labari ya kai kunnen Rahinatu, autar Kande, wadda ke aure a nan cikin gari, mijinta ma'aikaci ne a jami'a. Rahinatu ba ta ɗaukar wasa. Ta zo da mota, ta ce, "Inna, ɗauko mayafinki. Wallahi ko ki tafi da ƙafarki ko in sa a ɗauke ki."

A asibiti wata likita suka samu, yarinya, sa'ar Rahinatu, sunanta Khairiyya. Ta ɗaura wa Kande abin nan mai matse hannu, ta sa aka ɗebi jini, ta duba nan ta duba can. Sannan ta jawo kujera ta zauna kusa da ita, ta ce, "Iya, abin da ya same ki sallama ce kawai aka yi miki daga zaure. Babban baƙon yana tafe, shanyewar ɓarin jiki, in ba a tare shi ba. Jininki ya hau sosai, kuma kitse ya taru a jijiyoyinki. In kina shan magani kullum, ki rage gishiri da magi, in sha Allahu za mu tare ƙofar."

Ta rubuta ƙwayoyi huɗu. Farare biyu, babba da ƙarama, da wata ruwan ɗorawa, da wata ja-ja. Ta ce kowace safiya, kuma ba ranar dainawa.

Kande na tsoron abin nan ƙwarai. Mutuwa ba ta dame ta ba, ta san kowa da ranarsa. Kwanciyar ce ke ba ta tsoro. Ta ga yadda wata gwaggonta ta ƙare a Utai, ana juya ta, ana ɗauke mata bayan gida, alwala ma sai an yi mata. Kullum in ta idar da salla addu'arta ita ce, Allah ka ɗauke ni da ƙafata, kar ka bar ni a hannun mutane. Don haka ba ta yi gardama ba, ta karɓi magani hannu biyu.

Sai dai fa ga Talatu. Talatu ta daɗe tana fama da ciwon ƙeya, da jiri in ta miƙe, wani lokaci ta ce tana jin ganga a kunnenta. Kande ta ce, "Ƙawa, irin nawa ne wannan. Taho Rahinatu ta kai ki a auna."

"Ni? Asibiti?" in ji Talatu. "Malam mijina da ƙafarsa ya shiga, a tabarma aka fito min da shi. Ko ƙofar ba na son gani. Kar ki ƙara."

Kande ta ce, "Malam ai sai da ciwo ya cinye shi sannan ya yarda aka kai shi, kin sani."

"Na ce kar ki ƙara."

Washegari da safe Talatu ta ɗaga asabari ta shigo da kwanon koko yadda ta saba, ta tarar da Kande ta ɓare ƙwayoyinta huɗu ta jera a faifai tana kallonsu. Abin da ke ran Kande shi ne: huɗu! Mutum ɗaya, ciki ɗaya, ƙwaya har huɗu? A saninta, in kai na ciwo ƙwaya biyu ake sha. Wannan dai likitar ta yi musu kara ne, ta ga 'yarta da mota, ta cika musu mudu har da gyara. To mutum ya samu mudu a cike, ƙawarsa na zaune gabansa tana dafe da ƙeya, sai ya haɗiye shi kaɗai? Ta sa yatsa ta tura biyu gefe, biyu gefe, ta ce, "Ɗauki."

Talatu ta yi dariya ta ce, "Allah Sarki, da tsufanmu mun zama 'yan ƙwaya." Ta zaɓi ja-jan da 'yar ƙaramar farar, ta kora da koko.

Haka abin ya ɗore. Kullum Kande ta raba, Talatu ta zaɓa. Yau ta ɗauki wannan, gobe wancan, yadda idonta ya faɗa. Babu wadda ta ga wani abin ɓoyewa a ciki, ba kuma wadda ta ga abin faɗa, kamar yadda mutum ba ya shelar ya ɓara goro da maƙwabcinsa. Rahinatu takan zo ta duba, ta ga magani na raguwa daidai yadda ya kamata, ta ce, "Kai, Inna, Allah ya yi miki albarka. Ni da na yi boko ma sai in manta nawa." In ya ƙare ta kawo wani.

Amma duk komawar da aka yi asibiti, sai likita ta ɗaura abin awonta, ta yamutsa fuska. Jini bai sauka ba. Wani zuwan ya ɗan yi ƙasa, wani zuwan ya koma inda yake.

"Iya, kina sha kuwa?"

"Kullum ta Allah, 'yar nan. Ban taɓa tsallake safiya ba."

"Gishiri fa?"

"Miyata yanzu lami ce, tambayi wannan."

Rahinatu ta ce, "Dakta, ni shaida ce. Ni ke sayowa, ni ke dubawa. Ba ya ragowa."

Likita ta ajiye alƙalami. Ta ce ta sha ganin tsofaffi, in ƙwayoyi suka yi yawa sai su rikice, a sha wannan sau biyu, a manta wancan, ba da gangan ba. Ta ce yanzu akwai wata guda ɗaya da aka haɗa duka huɗun a cikinta, bari a gwada ta. Ta ɗauko ɗaya ta ɗora a tafin hannun Kande, 'yar doguwa haka, mai santsi.

Kande ta juya ta, ta ce, "An rage min ke nan? Na fara warkewa?"

"A'a, Iya, ba a rage komai ba. Ke da kike sana'ar ƙuli, kin san yaji. Garin ƙuli, barkono, citta, kanumfari, a daka su wuri ɗaya. To haka wannan take. Biyu a ciki su ke sauke jini, kowanne ta hanyarsa. Ɗaya na hana kitse taruwa. Ɗaya na hana jini yin gudaji ya toshe hanya. Huɗun nan tun asali kaso ɗaya ne, na mutum ɗaya, na rana ɗaya. In aka cire ɗaya, sauran ba za su iya tare ƙofar su kaɗai ba. Ki haɗiye ta yadda take, kar a karya, kar a tsallake."

Kaso ɗaya, na mutum ɗaya. Kande ta ji maganar ta sauka a cikinta kamar ta sha ruwan randa da sanyin asuba. Ashe ba gyara aka yi mata ba. Ashe duk watannin nan rabi take sha, ita ba ta tare ƙofarta ba, Talatu ma ba ta tare tata ba. Ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta dubi Rahinatu. Ta san halin 'yarta. In ta ji, yau ɗin nan za ta tsaya a tsakar gida ta wanke Talatu tas, matar da ta goya ta. Sai ta fasa. A hanyar gida ta zuba wa kogi ido lokacin da suke haye gada.

Da safe asabari ya ɗaga, ga Talatu da koko. Ta dubi faifai ta ga ƙwaya ɗaya.

"Yau kuma rowa ce ta tashi? Ina sauran?"

"An haɗe su," in ji Kande. "Duk suna cikin wannan."

"To raba mana, koko na hucewa."

Kande ta dubi ƙwayar. Ta san abin da likita ta ce. Ta kuma san tun ranar ƙwan zabo ba ta taɓa kai wani abu bakinta a gaban matar nan ba tare da ta miƙa mata rabi ba. Ta ce a ranta, jikin nan amana ne, Allah zai tambaye ni. Sai wata zuciyar ta ce, ita kuma wannan da ke dafe da ƙeya, ba amana ba ce? Ke kina da 'ya mai mota. Ita 'ya'yanta maza duk suna can kudu neman abinci, sai salla-salla. In kika ce mata daga yau babu, me kika zama?

Ta ɗauko wuƙar yanka kuɓewa ta ɗora a kan ƙwayar. Ƙwayar ta zille ta faɗa ƙarƙashin turmi. Suka rarrafa suna nema, Talatu na ta dariya tana cewa, "Wannan 'yar boko ce, ba ta son talakawa." Da aka samo, Kande ta sake dannawa da ƙarfi, sai ta dagargaje ta zama gari, rabi ya bi iska.

Kande ta dubi garin, ta ce, "An ce ba a karyawa."

"Sai yanzu za ki faɗa?"

"To ga yadda za a yi. Yau ke, gobe ni."

Ta san ba daidai ba ne. Wannan karon ba rashin sani ba ne, da idonta biyu ta yi. Ta riƙa lallashin kanta cewa ai wannan mai ƙarfi ce, huɗu ce a dunƙule, ƙila ta jiya ta kai mutum gobe. Ran da ba nata ba, sai ta ƙara yawan istigfari, ta yi ta shafa hannun hagunta tana matsa yatsun ɗaya bayan ɗaya, tana jin ko suna nan. Kuma in aka wayi gari ranarta ce amma Talatu ta shigo ta ɗaure kai da ɗankwali tamau, sai ta ce, "Sha, ni lafiyata ƙalau yau."

Abin da Kande ta lura da shi amma ba ta gane ba, Talatu na ramewa. Ta daina cin yaji, ita da ko a kan dankali sai ta barbaɗa. Suna cikin aiki sai ta dafe ƙirji ta sunkuya, ta tashi ta jiƙa kanwa ta sha. In Kande ta tambaya, sai ta ce, "Tsufa ne, ke ma yana nan zuwa miki, yarinya." Alhali Kande ce babba.

Ran wata Alhamis, ranar babbar suya, rana ta take, kasko na kan wuta, Kande na tsamo ƙuli da matsami. Sai matsamin ya faɗa cikin mai. Talatu ta ɗago za ta yi mata tsiya, ta ga Kande na sulalewa gefen hagu, wajen wutar. Allah ne kaɗai ya san inda tsohuwar nan ta samo ƙarfi. Ta finciko ta baya suka zube tare. Bakin Kande ya karkace, ido a buɗe, tana so ta yi magana, ba ta fita.

Maƙwabta suka taru, aka tsayar da adaidaita, aka kira Rahinatu a waya aka ce ta tare su a can. Talatu ce ta rungume ta har ƙofar asibiti. A ƙofar ta tsaya cak, ƙafarta ta ƙi gaba. Aka ɗora Kande a gadon turawa za a shige da ita, sai gadon ya ƙi tafiya. Ashe Kande ta damƙe bakin zanin Talatu da hannun damanta, ta ƙi saki. Mai turawar ya ce, "Baba, ko ki shigo ko ki bar mata zanin." Talatu ta runtse ido ta ce, "Bismillahi," ta taka.

Bayan an yi abin da za a yi, an samu Kande ta ɗan natsu, likita Khairiyya ta fito da damuwa a fuskarta, ta ce wa Rahinatu, "Ban gane ba. Jininta kamar na wadda ba ta shan komai. Ta sha na yau?"

Rahinatu na kuka ta ce, "Dakta, wallahi Inna ba ta wasa da magani."

Sai Talatu, da ke rakuɓe a bakin gado, ta ce, "Yau ai ranata ce. Jiya ma ni ta bar wa, kaina ke ciwo."

Duk aka juyo. Ita kuwa ta faɗa ne tsakaninta da Allah, don a taimaka, ba ta san ta faɗi wani abu ba. Likita ta tambaye ta a hankali, ta zayyana komai, tun daga faifai da ƙwayoyi huɗu har zuwa yau ke gobe ni.

Rahinatu ta miƙe. "Inna Talatu! Maganin uwata kike shanyewa? Ke kin ƙi asibiti, sai ki zauna ki cinye ran wata? In ta mutu ke kika kashe ta!"

Talatu ta juya. Ta dubi Kande. Kande ta kawar da kai, hawaye na bin gefen fuskarta, kuma daga wannan kawar da kan Talatu ta gane ƙawarta ta san haɗarin, ta sani ta miƙa mata.

Likita ta ce wa Rahinatu ta zauna. Sannan ta matso ta ja fatar idon Talatu ƙasa, ta dubi tafin hannunta, ta ce, "Iya, cikinki na ciwo?"

Talatu ta dafe ciki. Ta ce, "Kamar an zuba garwashi."

"Tun yaushe?"

"Tun ana shan huɗu yakan taɓa ni, in na ɗauki 'yar ƙaramar farar. Da aka koma ɗaya kuwa, duk ran da na sha sai na ji a jikina. Bayan gidana ma ya koma baƙi."

"Inna lillahi. Gyambon ciki gare ki, kuma sinadarin nan mai tsinka jini da ke cikin maganin yana sa shi zubar da jini. Wannan maganin an auna shi ne da jikinta, ba da naki ba. Me ya hana ki daina?"

Talatu ta ce, "Ta cire daga bakinta ta ba ni. In ce mata me? In ce abinki na cutar da ni?"

 Kande da ba ta iya magana ta ɗaga hannun dama ta kai wa Talatu duka a cinya, irin dukan da ba ƙarfi, ta sake, ta sake.

A ranar dai aka ɗaura wa Talatu abin matse hannun da ta yi shekaru tana gudu. Ta ce, "Shi ke nan? Wannan ne?" Jininta ita ma ya hau, har ya fi na Kande na farko. Aka yi mata maganin ciki, aka kuma ba ta tata ƙwayar guda ɗaya, haɗi ce ita ma amma babu mai tsinka jinin a ciki.

Allah ya yi Kande na da sauran shan ruwa. Ta yi kwanakinta a asibiti aka sallamo ta. Magana ta dawo a hankali, ƙafa ta dawo, tana ɗan ja. Hannun hagu ne bai dawo duka ba. Yana ɗagawa, amma ba ya damƙa. Hannun da ya yi shekara da shekaru yana matse mai daga tunkuza, yanzu kofi ma sai ta tallafa da ɗayan. Takan dube shi ta ce, "Alhamdu lillahi, ina kai kaina banɗaki, ina alwalata." Ta san da ƙyar ta sha, kuma ta san abin da ta biya.

Rahinatu ta tare a gidan tana jinya. Asabari kuwa bai ƙara ɗagawa ba. Ana jin motsin Talatu ta bayan katanga, ana jin tarinta, ana jin ta tana jan ruwa, amma ba ta leƙo ba. Kokon ma sai ta ba wa wata maƙwabciya ta zagayo da shi ta ƙofar gida. Rahinatu har ta fara zancen a kira magini a toshe wurin.

Kowace safiya Rahinatu ta ɓare ƙwaya ta miƙa, Kande ta karɓa ta haɗiye, ba gardama. Amma sai ta juya ta zuba wa asabarin ido, ta daɗe. Abinci ma sai ta ci rabi ta ture rabi gefen kwano, ta rufe. Ran nan dai da harshenta ya ɗan saki, ta ce, "Auta."

"Na'am, Inna."

"Wa ke tsaye a kan Talatu ta sha nata?"

"Oho. Ai ba yarinya ba ce."

"Ba za ta sha ba. Na san ta. Tana can tana cewa ba ta cancanta ba." Ta huta, don magana na gajiyar da ita. "Ni na raba. Ita ɗauka kawai ta yi, ba ta san komai ba. Ni aka gaya wa, na ji da kunnena. In faɗa za ki yi, ga ni. Kuma bayan da kika hau kika yi wayo, rabinsa nata ne."

Rahinatu ta dubi asabarin. Sannan ta tashi, ta gyara ɗankwali, ta ɗaga asabarin da kanta ta shiga. Ba a ji abin da suka ce ba, sai dai an ji kuka, na mutum biyu. Da ta duba maganin Talatu kuwa, yana nan a leda yadda aka ba ta, ko ɗaya ba ta ɓare ba.

Da safe sai ga Talatu da kwanon koko, ta tsaya daga bakin katanga kamar baƙuwa, ta yi sallama, ita da ba ta taɓa sallama a gidan ba.

Kande ta ce, "Wa alaikumus salam. Daga wane gari?"

"Daga garin masu hannu biyu."

"To shigo, uwar tsoro. An ce da aka matse miki hannu har fitsari kika yi."

"Ƙarya ne wallahi! Wa ya faɗa?"

Ta zauna. Ta kwance bakin mayafinta ta fito da ƙwayarta. Kande ta ɗora tata a faifai, Talatu ta ɗora tata, ga su nan biyu, ba su yi kama ba ko a launi. Talatu ta kai hannu, don wasa, kamar za ta zaɓi ta Kande. Kande ta buge hannun ta ce, "Kul." Kowacce ta ɗauki tata. Kofin ruwa ɗaya ne. Kande ta kora da rabi, ta miƙa, Talatu ta shanye sauran.

Har yau haka suke yi. Babu wadda ke haɗiye tata sai ta ga ɗayar ta kai baki, kuma ranar awo adaidaita ɗaya suke hawa, Talatu na mita tun daga gida har ƙofar likita. Ƙulin ma ba a daina ba, sai dai an rage. Inji ke matse man yanzu, Talatu ke murzawa, Kande na zaune a kujera nesa kaɗan da wuta tana tsamowa da hannun dama. Masu sari na cewa ƙulin ya ɗan yi kauri, ba kamar da ba. Kande ta ce su yi haƙuri, mai murzawar ce har yanzu ba ta iya ba.

Allah ya ƙara musu lafiya, ya sa mu cika da imani.